Ƙashin Da Mace Za Ta Tsufa Da Shi, Tun Tana 'Yar Sha Biyu Take Gina Shi

Tsohuwa ce mai shekara saba'in da ɗoriya ta miƙe daga bakin gado za ta ɗauko wani abu, ƙafarta ta ɗan zame, ta faɗi ta gefe. Daga tsayuwarta ce kawai zuwa ƙasa, irin faɗuwar da jikarta za ta yi sau uku a wuni ta tashi tana karkaɗe riga. Amma ita ta kasa tashi. A asibiti hoto ya nuna wuyan ƙashin cinya ya karye, can inda yake shiga cikin ƙugu. Daga nan sai tiyata, sai doguwar kwanciya, sai wani ya riƙe ta zuwa bayan gida wani ya dawo da ita. Likitocin ƙashi sun san wannan labari kamar yunwar cikinsu. Sun kuma san cewa cikin tsofaffi biyar da irin wannan karaya ta samu, kusan ɗaya ba ya cika shekara guda a raye, da yawa cikin waɗanda suka rayu kuma ba sa sake taka ƙasa yadda suka saba.

'Ya'yanta za su ce tsufa ne, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai rabin labarin suka faɗa. Ɗaya rabin ya faru ne shekara sittin da suka wuce, lokacin da take 'yar sha ɗaya, sha biyu, sha uku. Wannan shi ne dalilin da ya sa wasu hukumomin lafiya suke kashe kuɗi wajen gangamin ƙarfafa ƙashi, kuma maimakon su nufi tsofaffin da cutar ke kayarwa, sai suka nufi 'yan matan da ko ciwon gwiwa ba su taɓa sani ba.

Domin a gane hikimar, sai an fara gyara wani tunani da yawancinmu muke da shi, wato ɗaukar ƙashi kamar busasshen itacen da aka rataya tsoka a jikinsa. Ƙashi rayayye ne, jini na ratsa shi, kuma dare da rana aiki ake yi a cikinsa. Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke wannan aiki: wasu suna kankare tsohon ƙashi, wasu suna bi baya suna cike gurbin da sabo. A jikin babba, cikin kamar shekara goma an sabunta ƙasusuwan kusan gaba ɗaya. A lokacin ƙuruciya magina sun fi masu rushewa sauri, shi ya sa ƙashi ke ƙara tsawo da kauri da nauyi. Wajen ƙarshen shekarun ashirin sai ginin ya kai iyakarsa. Daga nan a ɗan yi kunnen doki na wasu shekaru, sannan masu rushewa su fara rinjaye, ba kuma za su sake sakin ragamar ba har ƙarshen rayuwa. Kowa yana wannan asara. Bambancin kawai shi ne daga ina ka fara gangarowa.

Mace ta fi shiga haɗari ta fuska biyu. Tun asali ƙashinta bai kai na namiji kauri ba. Sannan sinadarin estirojin, wanda ke taka wa masu rushewa birki, yana faɗuwa warwas idan jinin al'ada ya ɗauke mata, har takan iya rasa kashi 20 cikin 100 na ƙwarin ƙashinta a shekara biyar zuwa bakwai na farko. Idan ajiyar da ta zo da ita ba ta da yawa, sai cikin ƙashin ya rarake ya zama kamar soso. Wannan ce cutar zaizayar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis. Ba ta da zazzaɓi, ba ta da kumburi, sau da yawa karaya ce sallamarta ta farko. Gidauniyar IOF, wadda ke jagorantar yaƙi da cutar a duniya, ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da suka haura shekara 50 za ta gamu da karaya saboda ita. A maza ɗaya ne cikin biyar, adadin da shi ma ba na wasa ba ne, ko da yake ba kasafai ake tuna su ba.

To me ya sa sai 'yar sha biyu? Amsar da ta fi fitowa fili ta zo ne daga jami'ar Saskacewan da ke Kanada, inda Donald Bailey da abokan aikinsa suka bi sahun wasu yara shekara shida suna auna ƙashinsu duk shekara, suka fitar da sakamakon a 1999. Sun gano cewa lokacin da jikin yarinya ya fi tara ma'adinai a ƙashi shi ne wajen shekara 12 da rabi, na yaro kuwa wajen 14. Cikin shekara biyun da ke kewaye da wannan lokaci, jiki yana ajiye kusan kashi 26 cikin 100 na duk kalsiyam ɗin da mutum zai mallaka a ƙashinsa idan ya girma, wato ma'adinin da ke ba ƙashi ƙwari. Kwatan ginin rayuwa kaf a cikin wata ashirin da huɗu. Kafin yarinya ta cika 18, kusan kashi 90 na ginin ya kammala. Tun ran gini ran zane, in ji masu iya magana, kuma da wuya a sami inda karin ya dace kamar nan.

Akwai wani ɗan abu cikin wannan bincike da ke burge ni, domin yana bayyana abin da iyaye ke gani da idonsu. Tsawo yana riga ƙwari zuwa. Yarinya takan yi zungurum ta miƙe watanni kafin ma'adinai su cika sabon ƙashin, shi ya sa a daidai wannan tsakani ake yawan ganin karayar hannu kusa da wuyan hannu: ta faɗi, ta tokare da tafi, ƙashin da bai gama nuna ba ya ba da kai. Duk uwar da ta ga rigar bara ta ɗage wa 'yarta, to ta san an shiga lokacin.

Gado yana da babban rabo a nan, masana suna sa shi tsakanin kashi 60 zuwa 80 na bambancin da ke tsakanin mutane. Sauran shi ne abin da ke hannunmu, kuma ba kaɗan ba ne. Wani lissafi da aka yi da kwamfuta a 2003 ya nuna cewa idan aka ƙara kashi 10 kacal a kan ƙololuwar ginin ƙashi, za a iya jinkirta zuwan zaizayar da shekara 13. Lissafi ne, ba a bi mutane aka gani ba, amma ya nuna girman abin da ake magana a kai. Shekara 13 ga tsohuwa ita ce tazarar da ke tsakanin zuwa bikin jikarta da ƙafarta da jin labarinsa daga kan gado.

Amurka ce ta fi yin fice wajen mayar da wannan ilimi gangami. A farkon shekarun 2000 cibiyar yaƙi da cututtuka ta CDC da ofishin lafiyar mata na ma'aikatar lafiyar ƙasar da gidauniyar zaizayar ƙashi ta ƙasa suka haɗu suka fito da "Powerful Bones. Powerful Girls.", wanda ya nufi 'yan shekara 9 zuwa 12 da saƙon cewa ƙarfin yarinya daga ƙarfin ƙashinta yake. A 2004 babban likitan gwamnatin ƙasar ya fitar da rahoto na musamman a kan lafiyar ƙashi. A 2009 kuma aka sake wa gangamin riga, ya koma "Best Bones Forever!", aka faɗaɗa shi zuwa 'yan shekara 14. An kwaikwayo sunan ne daga kalmar da 'yan matan can ke kiran aminiyar da ba a rabuwa da ita, kuma duk saƙon a kan ƙawance aka gina shi: ki motsa tare da ƙawarki, ku ci abin da zai gina ku tare. A matakin duniya kuma akwai ranar 20 ga Oktoba da aka keɓe kowace shekara domin tunatarwa a kan cutar.

Sauya salon nan darasi ne da ya kamata a yaba. Masu gangamin sun fahimci cewa ba a tsorata 'yar sha ɗaya da abin da zai same ta tana da shekara 70. A wurinta mai shekara 30 ma tsohuwa ce. Abin da ke motsa ta shi ne ƙawarta, da abin da za a yi gobe, da son a ce ta iya. Har nan ina tare da su.

Inda na fara rabuwa da su shi ne a kan abin da ya fi fitowa a fastoci da tallace-tallace, wato kofin madara. A takarda saƙon ƙafa biyu gare shi, abinci da motsa jiki, amma abin da ke zama a kan jama'a shi ne "ki sha madara". Ba abin mamaki ba ne. Saƙo ne mai sauƙin faɗa, mai sauƙin zanawa, kuma akwai masu kuɗin da yake yi wa daɗi. Shahararren tallan nan na "Got Milk?" da ya fara a Kalifoniya a 1993, kamfanonin sarrafa madara ne suka biya kuɗinsa, ba hukumar lafiya ba. Idan muryar ɗan kasuwa da ta likita suka zo da kalma ɗaya, wadda ta fi kuɗi ita ake ji.

Ba wai kalsiyam ba shi da muhimmanci ba. Kashi 99 cikin 100 na wanda ke jikin mutum a ƙashi da haƙora yake, kuma idan abinci bai kawo shi ba, jiki zai shiga ƙashi ya ɗebo domin zuciya da jijiyoyi su ci gaba da aiki. Yaron da ke cikin matsanancin rashinsa, ko rashin bitamin D da ke taimaka wa hanji ya tsotse shi, ƙashinsa kan yi laushi har ƙafafu su gwame. Tambayar ita ce nawa ne ya isa, kuma a nan masana kansu ba su haɗu ba. Amurka ta ce miligiram 1,300 a rana ga 'yan shekara 9 zuwa 18, wato sama da kofi huɗu na madara, tunda kofi ɗaya yana da kamar 300. Birtaniya ta ce 800 ga 'yan mata masu shekara 11 zuwa 18. Ƙashin 'yar Landan da na 'yar Niyok iri ɗaya ne, amma tazarar ta kai 500.

Sannan ga abin da gwaji ya nuna. A 2006 Tania Winzenberg da abokan aikinta daga Ostareliya suka tattara gwaje-gwaje 19 da suka shafi yara kusan 2,900, inda aka ba wasu ƙarin kalsiyam aka bar wasu. A ƙashin cinya da ƙashin baya, wuraren da suka fi kayar da tsofaffi, ba a ga wani tasiri ba. A ƙashin hannu an ga ɗan ƙari, amma bai kai wanda zai rage karaya yadda za a ce an yi wani abu ba. Yawancin yaran nan dama masu ƙoshin lafiya ne da ke samun gwargwado a abincinsu, don haka sakamakon bai shafi yarinyar da ke fama da rashi ba. Abin da ya nuna shi ne kalsiyam kamar siminti yake a wurin gini: idan babu shi aiki ya tsaya, amma idan ya wadatar, jibge ƙarin buhuna a ƙofar gida ba ya ɗaga katanga. Sai magini ya sami umarnin ya yi aiki.

Akwai ma wata matsalar da saƙon madara ke tsallakewa. Kusan biyu cikin uku na mutanen duniya jikinsu yana rage iya narkar da sukarin da ke cikin madara bayan ƙuruciya, wasu har da kumburin ciki da gudawa. Yarinyar da madara ke murɗa wa ciki, idan aka ce mata ita ce kaɗai hanya, sai ta haƙura da maganar baki ɗaya. Alhali madarar da aka bari ta yi tsami da cuku sun fi sauƙin narkewa, ƙananan kifayen da ake ci da ƙayarsu suna da kalsiyam sosai, wasu ganyaye da dangin wake ma suna ba da nasu. Ko a ganyen akwai bambanci: alayyafon Turawa yana da kalsiyam a takarda, amma wani sinadari da ke cikinsa yana riƙe shi, sai kamar kashi 5 ne jiki ke samu, a inda madara ke ba da kusan kashi 30. Irin wannan bayani ba ya shiga fasta, sai an zauna da mai dafa abincin gidan.

Wane ne ke ba magini umarni? Nauyi da girgiza. Tun 1892 likitan Jamus Julius Wolff ya rubuta cewa ƙashi yana sake fasalinsa daidai da nauyin da ake ɗora masa. Duk lokacin da ƙafa ta daki ƙasa da ƙarfi, ƙashi yana ɗan lanƙwasawa kaɗan yadda ido ba zai gani ba, ƙwayoyin da ke cikinsa su ji, su aika a ƙara gini a daidai wurin. Idan aka ɗauke nauyin, sai a fara kwashe kaya. 'Yan sama jannati, duk da abinci mai kyau da ake ba su, sukan rasa kashi 1 zuwa 1 da rabi na ƙwarin ƙashin ƙugu a kowane wata da suka yi a sararin samaniya.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta hannun 'yan wasan tanis. A 1995 masu bincike a Finlan suka auna matan da ke buga tanis da sikwash, wani wasa mai kama da shi, suka kwatanta hannun da ke riƙe abin bugu da ɗaya hannun. Mace ɗaya ce, gado ɗaya, abinci ɗaya, jini ɗaya, amma hannun da ke aiki ya fi ɗan'uwansa ƙashi. Babban abin shi ne wannan: waɗanda suka fara wasan kafin su fara jinin al'ada, tazarar da ke tsakanin hannayensu ta ninka ta waɗanda suka fara da girma sau biyu zuwa huɗu. Aiki iri ɗaya, lada daban, saboda lokacin da aka yi shi. A binciken Saskacewan ma, 'yan matan da suka fi motsi sun fi marasa motsi da kashi 17 na ma'adinan ƙashi. Kuma ba kowane motsi ba. Iyo da tuƙa keke suna gyara zuciya da huhu, amma ruwa da sirdi sun ɗauke nauyin, ƙashi bai ji komai ba. Abin da yake so shi ne gudu, tsalle, dira, juyawa ba zato, tsallen igiya, rawa, ƙwallo.

Yanzu a ɗora wannan a kan abin da ke faruwa. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, wanda ya shafi ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, ya gano cewa kashi 85 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun motsin awa guda a rana da hukumar ta ba da shawara. A maza kashi 78 ne. Wato a daidai shekarun da tsalle ɗaya ya fi daraja, a nan ne yarinya ke zama.

Wanda ke son ya ga yadda abin yake, ya tsaya a bakin filin makaranta lokacin da aka fito hutu. 'Yan aji ɗaya da biyu, maza da mata, a cakuɗe suke, kowa na gudu ba ya ko ganin gabansa. Ka ɗaga ido zuwa manyan azuzuwa. Maza sun mamaye tsakiyar fili da ƙwallo, ƙura na tashi. 'Yan matan suna gefe a inuwa, uku-uku, huɗu-huɗu, wata ta rungume jaka a ƙirji. Bara waccan mai jakar ita ce ke tsere wa kowa. Ba wanda ya kafa dokar hana ta. Ƙirji ne ya fara fitowa, wani ya yi dariya ran nan, ba ta da rigar ciki da za ta riƙe ta idan tana gudu, tana tsoron jini ya ɓata mata tufafi alhali bayan gidan makarantar ba ya shiguwa. A gida an ce mata ta girma, ta daina tsalle-tsalle kamar namiji. Idan an tashi, ƙaninta ya ajiye jaka ya fice, ita kuma aiki na jiran ta, ko kuma unguwar ba wadda za a bar yarinya ta fita ba ce. Abin da ya rage mata shi ne waya.

A cikin wayar kuma wani saƙon ne ke jiran ta, wanda ya fi na kowace hukuma ƙarfi: ki rame. Wannan yana cikin manyan maƙiyan ƙashi. Yarinyar da ke ƙuntata wa kanta abinci har jiki ya ga babu, jikin yakan rufe abin da yake ganin zai iya jira, jinin al'ada ya ɗauke, estirojin ya sauka, sai ta shiga halin da ya yi kama da na mai shekara 50 tana 'yar sha biyar. Abin baƙin ciki, har 'yan wasa bai bari ba. Tun farkon shekarun 1990 likitocin wasanni suka sa wa abin suna, ganin yadda ƙarancin abinci da ɗaukewar al'ada da raunin ƙashi ke tafiya tare a tsakanin masu tsere da masu wasan lanƙwasa jiki. Motsi ba tare da ƙoshi ba rushewa yake yi. A nan dole masu gangami su yi hattara, domin a bango ɗaya ake manna fastar yaƙi da ƙiba da ta gina ƙashi, kuma yarinyar da ta riga ta tsani jikinta ta san wadda za ta ɗauka.

Shi ya sa nake ganin gangamin da ya tsaya a kan yi wa yarinya magana ya bar jaki yana dukan taiki. Ba ita ke cefane ba. Ba ita ke tsara jadawalin makaranta da ake cire darasin motsa jiki idan jarrabawa ta matso ba. Ba ita ta sayar da filin wasa aka yi gini a kai ba, ba kuma ita ke yanke hukuncin ko ta fita ko ta zauna ba. Za ta iya haddace cewa tana bukatar miligiram kaza, ta ci gasar kacici-kacici a kai, ƙashinta bai ƙaru da komai ba. Masu shirya "Best Bones Forever!" sun hango wannan, sun yi wa iyaye nasu ɓangaren, sai dai ba da shawara ga uwa abu ne daban da tilasta wa makaranta ta ware wa 'yan mata fili da lokaci. Na biyun yana bukatar kasafi da doka da mai bibiya, kuma ba shi da kyan hoto kamar yarinya riƙe da kofi tana murmushi.

Akwai kuma wahalar da ke tattare da irin wannan aiki tun daga tushe. Rigakafin ƙyanda ana ganin amfaninsa cikin shekara ɗaya ko biyu. Amfanin gina ƙashin 'yar sha biyu sai bayan shekara sittin, lokacin da wanda ya sa hannu a kuɗin ya daɗe da barin ofis, wataƙila ma da barin duniya. Don haka sai a koma auna abin da ke da sauƙin aunawa: yara nawa suka ji saƙon, nawa suka shiga shafin, nawa suka iya amsa tambaya. Waɗannan alƙaluma ne na gaskiya, amma na kunne ne, ba na ƙashi ba. Gangami da yawa sukan ƙare idan kuɗinsu ya ƙare, ba tare da an taɓa ɗora yarinya ko ɗaya a kan na'urar auna ƙashi ba.

Inda aka auna kuwa, abin da ya yi aiki bai da tsada. A jihar Oregon ta Amurka, masu bincike sun shiga makarantar firamare da akwatuna masu tsayin santimita 61. Yara maza da mata suna hawa su diro da ƙafa biyu, sau 100, kwana uku a mako, tsawon wata bakwai, a cikin lokacin makaranta, yayin da wani rukunin ke miƙe-miƙen jiki kawai. Kowace dira tana aika wa ƙashi nauyin da ya ninka na jikin yaron fiye da sau takwas. A sakamakon da aka fitar a 2001, masu dirar sun fi sauran da kashi 4.5 a wuyan ƙashin cinya, wurin nan da ya kayar da tsohuwar da muka fara da ita, da kashi 3.1 a ƙashin baya. An kwashe akwatunan, yaran suka ci gaba da rayuwarsu. Da aka sake auna su bayan kusan shekara takwas, tazarar ta ragu, amma ba ta ɓace ba: ƙugun waɗanda suka yi dirar har lokacin ya fi na sauran da kashi 1.4.